Sharhi kan pathlib na Python: kayan aiki mai kyau, amma da ramuka a hanya

Duk mai rubuta Python ya san wannan saƙon: `FileNotFoundError: [Errno 2] No such file or directory: 'bayanai/dalibai.csv'`. Fayil ɗin kuwa ga shi nan ƙiri-ƙiri kusa da shirin, ana kallonsa a allo. Irin wannan matsala ce ke sa ake cewa mai koyo ya bar `os.path`, tsohon sashen Python na sarrafa hanyoyin fayil, ya koma sabon sashen, `pathlib`, kamar dai komawar ce maganin. Ba ita ba ce. pathlib ya gyara yadda ake rubuta hanyar fayil, ya sa kod ya karantu, ya rage kurakurai da dama, amma tambayar "daga ina ake fara neman fayil ɗin" tana nan yadda take, kuma a wasu wurare ma ya zo da nasa rikicin.

Hukuncina tun daga farko: sabon aiki a fara shi da pathlib. Tsohon aikin da ke tafiya lafiya da `os.path` kuwa a ƙyale shi, babu ribar da za ta biya wahalar sake shi. Kuɗi babu, saukewa babu, domin yana cikin Python tun siga ta 3.4 da ta fito a 2014, bisa shawarar PEP 428 da Antoine Pitrou ya rubuta. Sai dai bai zama abin dogaro sosai ba sai a 3.6, ƙarshen 2016, lokacin da `open()` da ayyukan `os` da `shutil` suka fara karɓar `Path` kai tsaye. Kafin nan sai an lulluɓe komai da `str()`, shi ya sa tsofaffin darussa da ke yawo a intanet suke cike da shi.

Inda shiri ke tsaye da inda yake ajiye

Kowane shiri da ke gudana yana da folda guda da yake tsaye a cikinta, ita ce foldar aiki. Ba shi ne ya zaɓe ta ba, gadonta yake yi daga wanda ya tashe shi. Duk hanyar da aka rubuta a guntule, wato wadda ba ta faro daga `/` ko daga `C:\` ba, daga wannan foldar ake fara bin ta. Kamar kwatance ne: "ka miƙe, gida na uku hannun dama" yana kai mutum ne kawai idan yana tsaye a inda mai kwatancen yake zato.

A ɗauka akwai folda `/home/malam/makaranta`, a cikinta akwai `rahoto.py` da kuma `bayanai/dalibai.csv`. Idan aka shiga `makaranta` aka buga `python rahoto.py`, komai zai tafi daidai. Idan aka tsaya a `/home/malam` aka buga `python makaranta/rahoto.py`, shirin zai nemi `/home/malam/bayanai/dalibai.csv`, wanda babu shi. Ko harafi ɗaya ba a canza a kod ɗin ba.

`Path.cwd()` shi ke faɗin inda ake tsaye, kuma abin da `os.getcwd()` ke bayarwa shi yake bayarwa, sai dai a matsayin `Path` maimakon tsurar rubutu. Abu na farko da ya kamata a yi idan fayil ya "ɓata" shi ne a sa wannan layi a saman shirin:

```python
from pathlib import Path
print(Path.cwd())
```

Amsar takan ba da mamaki, domin masu tashin shiri sun sha bamban. Manhajar rubuta kod ta VS Code takan tsayar da shiri a foldar da aka buɗe a matsayin aikin gaba ɗaya, ba foldar da fayil ɗin yake ba, sai an kunna `python.terminal.executeInFileDir`. PyCharm kuma ya saba tsayar da shi a foldar fayil ɗin. Shi ya sa ɗalibai biyu za su kwafi kod ɗaya, na ɗaya ya yi aiki, na ɗaya ya ƙi. A kan saba (server), `cron`, mai tashin shirye-shirye a lokacin da aka tsara, yana farawa daga foldar gida ta mai asusun. Hidimar `systemd` ta tsarin kwamfuta a Linux tana farawa daga `/` muddin ba a rubuta `WorkingDirectory=` ba. Mai tsara ayyuka na Windows (Task Scheduler) kuwa, idan aka bar gurbin `Start in` babu komai, a `C:\Windows\System32` yake tsayar da shirin, kuma a can ne rahoton da aka rubuta a guntule zai je ya kwanta, ko kuma a hana shi rubutawa gaba ɗaya.

Maganin ba shi ne a yi ta `os.chdir()` ba. Foldar aiki ɗaya ce ga shirin baki ɗaya, don haka idan wani sashe ya canza ta, ya canza wa kowa, har da sauran zaruruwan (threads), wato rassan shirin da ke aiki a lokaci guda. Maganin shi ne a kafa turke a inda fayil ɗin shirin yake:

```python
TUSHE = Path(__file__).resolve().parent
dalibai = TUSHE / "bayanai" / "dalibai.csv"
```

A nan ne pathlib ya fi burgewa. Masu amfani da Django, kayan gina shafukan intanet da Python, za su tuna tsohon layin `os.path.dirname(os.path.dirname(os.path.abspath(__file__)))`, wanda sai an karanta shi daga ciki zuwa waje ana ƙirga baka-baka. Tun daga Django 3.1 a 2020 sabon aiki yana zuwa da `Path(__file__).resolve().parent.parent`, wanda ake karantawa daga hagu zuwa dama kamar magana. Idan matakan sun yi yawa, `parents[2]` ya fi jera `.parent` sau uku, amma a lura daga sifili yake fara ƙirga: `parents[0]` shi ne `parent`.

`__file__` ma ba ko'ina ake samunsa ba. A Jupyter da Google Colab da tagar Python mai alamar `>>>` babu shi, `NameError` zai fito. A can sai dai a dogara da `Path.cwd()`. Idan kuma an naɗe shirin ya zama `.exe` guda da PyInstaller, `__file__` zai nuna wata folda ta wucin gadi da ake warware kayan a cikinta a kuma goge ta bayan an rufe. Fayil ɗin da ake so ya zauna kusa da `.exe` ɗin, kamar rumbun bayanan shago, daga `Path(sys.executable).parent` ake nemansa. Wanda ya rubuta ajiyarsa a foldar wucin gadin zai wayi gari babu komai.

Hanyoyi uku na samun cikakkiyar hanya, amsoshi uku

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan nake ganin pathlib bai kyauta wa mai koyo ba. Akwai `absolute()`, akwai `resolve()`, ga kuma tsohon `os.path.abspath()`. Sunayen sun yi kama, aikin ya bambanta, kuma bambancin ba ya fitowa sai an haɗu da `..` ko da mahaɗi, wato fayil ɗin da ba komai a cikinsa sai nuni zuwa wani wuri.

Masu koyo a waya da Termux, manhajar taminal ta Android, suna da misali a hannunsu. Bayan an buga `termux-setup-storage`, ana samun folda `storage` a gida, kuma `storage/downloads` mahaɗi ne zuwa `/storage/emulated/0/Download`. A tsaya a gida, wato `/data/data/com.termux/files/home`, a gwada wannan:

```python
import os
p = Path("storage/downloads/../sakamako.txt")
print(p.absolute())
print(os.path.abspath(p))
print(p.resolve())
```

Na farko zai manna foldar aiki a gaba ya tsaya nan, `..` ɗin na nan a tsakiya bai taɓa shi ba: `.../home/storage/downloads/../sakamako.txt`. Na biyu zai share `downloads/..` da ido kawai, ba tare da ya leƙa faifan ba, ya ba da `.../home/storage/sakamako.txt`. Na uku zai bi mahaɗin ya isa `Download` na gaskiya, sannan ya hau mataki ɗaya daga can, ya ba da `/storage/emulated/0/sakamako.txt`.

To wanne ne gaskiya? Idan aka buɗe `p` da `open()`, fayil ɗin da za a samu shi ne na uku. Na farko ma can yake kaiwa, sai dai ba a tsabtace shi ba. Na biyun, wanda ya fi kowa kyan gani, wani fayil daban yake nunawa. Wannan ne dalilin da ya sa pathlib ya ƙi share `..` da kansa, kuma dalili ne mai ƙarfi. Laifinsa shi ne `absolute()` ya yi shekaru yana cikin kod ba tare da an rubuta shi a takardun Python ba, sai a 3.11. Mutane suka yi ta amfani da shi suna zaton tagwayen `abspath` ne. Har yau kuma babu wani aiki a `Path` da ke yin daidai abin da `abspath` ke yi, mai son hakan sai ya rubuta `Path(os.path.abspath(p))`.

A mafi yawan lokuta `resolve()` ake so. Amma bin mahaɗi ba kullum yake alheri ba. Misali mafi cizo shi ne keɓantaccen muhallin `venv` a Linux da macOS: `.venv/bin/python` mahaɗi ne zuwa Python na kwamfutar. Wanda ya rubuta `Path(sys.executable).resolve()` ya tashi wani shiri da amsar, to ya fice daga muhallin bai sani ba, sai ya ga `ModuleNotFoundError` a kan kayan da ya tabbata ya girka. A ofisoshin da ake raba folda ta hanyar sadarwa a Windows, `resolve()` yana iya mayar da `Z:\rahoto` ya koma doguwar hanya mai farawa da `\\` da sunan saba, abin da wasu manhajoji ba sa karɓa. A macOS kuma `/tmp` mahaɗi ne zuwa `/private/tmp`, don haka mutum zai shiga `/tmp`, taminal ta ce masa `/tmp` yake, Python ya ce `/private/tmp`. Dukansu ba su yi ƙarya ba: taminal tana tuna hanyar da aka bi aka shigo, Python yana tambayar tsarin kwamfutar inda ake a zahiri. Gwajin da ya kwatanta waɗannan biyu a matsayin rubutu zai faɗi; `samefile()` ake amfani da shi.

Sigar Python ɗin ma tana da tasiri a kan `resolve()`. A 3.4 da 3.5 yana jefa kuskure idan fayil ɗin babu shi. Daga 3.6 ya daina, sai an ce `strict=True`. Sannan a Windows, kafin 3.10, idan aka ba shi guntuwar hanya ta fayil ɗin da ba a ƙirƙira ba tukuna, yakan mayar da ita a guntule yadda aka ba shi, shiru babu gargaɗi. Wanda ke aiki da tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 ya kula da wannan, domin 3.8 ce siga ta ƙarshe da ke hawa kanta. A can a rubuta `(Path.cwd() / p).resolve()`.

Alamar `/` da abin da take haɗiyewa

Haɗa hanya da `/` shi ne abin da aka fi sanin pathlib da shi, kuma ya cancanci yabo: rubutu ɗaya yana aiki a Windows da Linux, babu ruwan mutum da wace karkatacciyar sanda ce ta dace. Ya kuma kawar da tsohon ciwon kan nan na `"C:\Users\..."`, inda Python ke ɗaukar `\U` a matsayin farkon lambar harafi ya jefa `SyntaxError`, ko `"C:\new\table"` inda `\n` da `\t` ke zama sabon layi da tazara ba tare da wani ƙorafi ba. `Path("C:/Users")` yana aiki tsaf a Windows.

Sai dai akwai ƙa'idar da ake mantawa: idan ɓangaren dama cikakkiyar hanya ce, na hagu ya tafi. `Path("/var/www/hotuna") / "/etc/passwd"` amsarsa `/etc/passwd`. `os.path.join` ma haka yake yi, ba sabon abu ba ne, amma kyan rubutun yana sa mutum ya saki jiki. Ga shafin intanet da ke karɓar sunan fayil daga baƙo, wannan ƙofa ce a buɗe. Kuma `is_relative_to()`, da ya zo a 3.9, ba ya rufe ta shi kaɗai, domin rubutu yake dubawa: zai ce `/var/www/hotuna/../../../etc/passwd` yana cikin `/var/www/hotuna`. Dole a warware kafin a tambaya:

```python
gida = Path("/var/www/hotuna").resolve()
nema = (gida / sunan_da_aka_turo).resolve()
if not nema.is_relative_to(gida):
    raise PermissionError("an fita daga folda")
```

Akwai kuma ƙananan abubuwan da `Path` ke gogewa tun a bakin ƙofa. `Path("./tashi.sh")` yana komawa `tashi.sh`, kuma idan aka miƙa wa `subprocess` wannan a Linux zai tafi neman umarnin a `PATH`, wato jerin foldojin da ake neman umarni a cikinsu, maimakon foldar aiki, ya dawo ya ce babu. Sandar ƙarshe ta `Path("bayanai/")` tana faɗuwa, alhali ga umarnin kwafi na `rsync` wannan sandar ita ke raba "kwafi foldar" da "kwafi abin da ke cikin foldar". Adireshin intanet ko na `s3://` kuwa kada ma a kusantar da shi, sanduna biyun za su koma ɗaya. Alamar `~` ba ya fassara ta, kuma `resolve()` ma ba ya yi; idan aka manta `expanduser()` aka kira `mkdir(parents=True)`, za a samu folda mai suna `~` a zahiri a cikin foldar aiki. Wajen goge ta a kula ƙwarai, domin `rm -r ~` gidan mutum gaba ɗaya yake nufi. `rm -r ./~` ake bugawa.

Karatu da rubutu, da haruffan ƙ, ɗ, ɓ

`read_text()` da `write_text()` suna da daɗin amfani, layi ɗaya an gama, an rufe fayil. Ga mai sarrafa rubutun Hausa dai akwai tarko. Idan ba a faɗi tsarin haruffa ba, Python a Windows yana ɗaukar na kwamfutar, wanda a kwamfutocin da aka saita da Turanci `cp1252` ne, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Wajen rubutawa `UnicodeEncodeError` zai fito. Wajen karantawa abin ya fi muni, domin ba lallai a ga kuskure ba: "ƙasa" za ta koma `Æ™asa`, "ɗaki" ya koma `É—aki`, shirin ya ci gaba da aikinsa ya zuba wannan a rumbun bayanai. A Linux da Termux ba a ganin haka saboda UTF-8 ne can, shi ya sa wanda ya rubuta kod ɗin a waya zai rantse lafiyarsa ƙalau. Kullum a rubuta `encoding="utf-8"`. Idan fayil ɗin CSV ne da aka adana daga Excel a matsayin UTF-8, `utf-8-sig` ya fi, domin ya cire alamar da Excel ke sawa a farko, wadda ke manne wa sunan ginshiƙi na farko. An amince a mayar da UTF-8 ya zama na asali daga 3.15, amma kwamfutocin da ke hannun mutane za su daɗe ba su kai can ba. Sunan fayil mai ƙugiya, kamar `ɗalibai.csv`, ba shi da wannan matsala a Windows.

A kuma tuna `write_text()` yana shafe abin da ke ciki ba tambaya, kuma ba ya ƙirƙirar foldar da babu, `p.parent.mkdir(parents=True, exist_ok=True)` ake fara kira.

Inda har yanzu yake ɗingishi

`Path` ba rubutu ba ne, kuma wasu wurare rubutu suke so. `json.dumps()` zai ƙi shi da `TypeError`. Idan aka cusa shi a `sys.path` ba tare da `str()` ba, babu ƙorafi, amma `import` zai tsallake shi kamar ba ya nan, wanda ya fi ƙorafin wahalar ganowa. Wasu tsofaffin laburare da aka gina da harshen C su ma sai an ba su `str(p)`.

Wajen sauri, `os.path` ya fi shi, tunda shi rubutu kawai yake yankawa, pathlib kuwa sai ya gina abu a kan kowace hanya. A shiri mai taɓa fayiloli ɗari ba wanda zai lura. Mai bin faifai mai ɗaruruwan dubban fayiloli ya yi amfani da `os.scandir()`, ya mayar da waɗanda yake buƙata kaɗai zuwa `Path`.

Wasu giɓin an cike su a makare. `Path.walk()` sai a 3.12 ya zo, haka ma `walk_up=True` da ke ba `relative_to()` damar hawa sama da `..`; kafin nan `ValueError` yake jefawa, mutum ya koma wa `os.path.relpath`. Kwafi da matsar da fayil, `copy()` da `move()`, sai a 3.14 ta 2025, alhali `shutil` ya daɗe yana yi. Sauya foldar aiki na ɗan lokaci a dawo ma ba a pathlib yake ba, `contextlib.chdir` ne, daga 3.11. Ga mai tashin wani shiri daga cikin nasa, ba ya ma buƙatar wannan: `subprocess.run([...], cwd=TUSHE)` yana tsayar da ɗan a inda ake so ba tare da uban ya motsa ba.

A Windows akwai wata hanya da ba cikakkiya ba kuma ba guntuwa ba. `\bayanai` tana farawa daga tushe, amma tushen wane faifai? Na wanda ake kai a lokacin. `C:bayanai` kuma, babu sanda bayan ɗigo biyun, tana nufin foldar aiki ta faifan C, domin Windows tana riƙe wa kowane faifai tasa. A nan pathlib ya yi daidai tun farko: `is_absolute()` yana cewa a'a ga dukansu biyu, sai an samu harafin faifai da tushe tare. `os.path.isabs()` kuwa ya yi ta cewa e ga ta farkon har zuwa 3.13 da aka gyara shi. Wanda ke gwada irin wannan daga Linux ba ya buƙatar kwamfutar Windows, `PureWindowsPath("C:bayanai").is_absolute()` zai ba shi amsa ba tare da an taɓa faifai ba.

Idan shirin zai zama kunshin da wasu za su girka da `pip`, turken `__file__` ma bai isa ba, domin kunshi yana iya zama a cikin fayil ɗin zip inda babu folda ta gaske. Fayilolin da ke tafiya tare da kunshin ana ɗauko su da `importlib.resources.files()`, wanda ya zo a 3.9, kuma abin da yake mayarwa yana karɓar `/` da `read_text()` kamar `Path`. Abin da shirin zai rubuta kuwa, saituna ko rumbun bayanai, kada ya je cikin foldar kunshin, tunda sau da yawa ba a da izinin rubutu a can kuma sabuntawa na iya share shi. A ƙarƙashin `Path.home()` ake ajiye shi, ko a karɓi wurin daga mai amfani a warware shi sau ɗaya a farkon shiri da `expanduser().resolve()`, kafin wani sashe ya samu damar canza foldar aiki.